Ni da antibairos da furojet ɗin wata ɗaliba

Jama'a ku zo ku taya ni jimami, ko ku yi dariya, duk wanda ya fi muku sauƙi, ni dai na riga na sha tawa.

Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da wata jami'a, kwamfuta uku, firinta biyu, sai injin fotokwafi ɗaya da sai ya ga dama yake aiki. Duk wanda ya taɓa wannan sana'ar ya san babbar abokiyar gabarmu filashar ɗalibai ce, filasha ɗaya sai ta zaga shago goma kamar tsohuwar naira ɗari ta kwaso cuta kala-kala sannan ta ƙare a kwamfutarka. Da na gaji da yi wa kwamfuta fomatin kusan duk wata sai na ce bari in yi abin manya, in sayi antibairos na asali mai lasisin shekara ɗaya, ba irin na sata da ake loda mana a kasuwa ba. Katina ya ƙi biya, sai da na roƙi wani abokina mai katin dala ya biya mini na tura masa naira. Ku riƙe maganar katin nan.

Wata goma sha ɗaya muna zaman lafiya. Ranar wata Talata da yamma wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo da filasha, wai furojet ɗinta ne babi na ɗaya zuwa na biyar, a buga mata kwafi huɗu a ɗinke, ranar Juma'a za ta kai wa sufabaiza. Ina soka filashar sai kwamfuta ta yi ƙara ɗiiing, jan rubutu ya fito, an gano barazana an killace. Na buɗe filasha, wayam.

Ta ce "Malam ina furojet ɗina?"

Na gyara zama na ce "Hajiya kwantar da hankalinki, ai ba gogewa ya yi ba, tsarewa ya yi." Har da yi mata lacca, wai antibairos in ya yi zargin fayil sai ya ɗauke shi ya kulle a wani ɗaki nasa ya sauya masa kama yadda ba zai buɗu ba, kamar dai an kai mutum bayan kanta, kuma akwai maɓallin da in ka danna zai bada belinsa. Na danna maɓallin. Ya yi ta juyi yana juyi, can sai ya ce an samu matsala, a sake gwadawa. Na sake. Na kuma sakewa. Wlh sai da na danna abin nan ya fi sau ashirin, har da bismillah.

Yarona na shago ya ce "Oga a ba ni filashar in duba mana." Na ce ya yi mini shiru, wannan ba aikin yara ba ne, kamfani za a kira.

To kamfanin ba a kiransu, sai dai ka yi musu rubutu a shafinsu. Wanda ya fara amsa ni ma ashe ba mutum ba ne, inji ne. Na zauna na tsara masa turanci mai kyau na ce maɓallin dawo da fayil ya ƙi aiki, sai ya turo mini doguwar maƙala kan yadda ake dawo da fayil, mataki na uku: danna maɓallin dawo da fayil. Haba bawan Allah! Sai da na rubuta ina son mutum sau biyar kafin ya haɗa ni da ɗan Adam, shi kuma kafin komai ya ce ya fahimci damuwata, ya ba ni lambar tikiti da ta fi BVN tsawo, sannan ya tambaye ni ko na gwada kashe kwamfutar in kunna. Ni da wutar garinmu take kashe mini kwamfuta sau shida a rana ba tare da neman izini ba.

Na kashe na kunna. Ya ce in yi ofdet, na yi. Ya ce to in cire manhajar gaba ɗaya in sake sakawa. Nan na ɗan yi hankali na ce, in na cire, fursunan da ke ciki fa? Ya yi shiru kusan minti huɗu sannan ya dawo ya ce eh akwai yiwuwar ya tafi da shi. Wato da ban tambaya ba da shi kenan an yi jana'iza.

Laraba wani daban na samu, na ba shi lambar tikiti, ya ce ya fahimci damuwata, in yi masa bayani daga farko. Ya sa na sauke wata 'yar manhaja da za ta tattara bayanan kwamfutar a tura musu, ta haɗo wani ƙaton fayil da ya cinye mini data, yana kashi casa'in da wani abu aka ɗauke wuta. Na tada janareta na sake daga sifili, ga fetur yadda yake. Ita kuwa Hajiya tana zaune kan benci tun safe ba ta cewa komai, kallona kawai take, irin kallon da gara a zage ka.

Alhamis aka ce za a shiga kwamfutata daga nesa. Na ba da izini, sai ga kibiyar linzami tana yawo da kanta, yarona ya ja da baya yana a'uzubillahi. Muka zuba ido mu ga ƙwarewar ƙasar waje. Kibiya ta tafi a hankali, ta buɗe wurin killacewa, ta je kan maɓallin nan dai, ta danna. Ya juya ya ce an samu matsala. Ta sake dannawa. Sai mutumin ya rubuto cewa lallai maɓallin ba ya aiki. Kwana uku kenan ina faɗa. Wai zai miƙa wa manyan injiniyoyi, in saurare su cikin awa 48 zuwa 72, ita kuma gobe Juma'a.

Da magariba ta dawo da yayanta, wani ƙato da ya cika ƙofar shagon, ya yi sallama a natse, wadda ta fi tsawa ban tsoro. Nan yarona ya sake cewa "Oga don Allah filashar." Na miƙa masa don dai in samu abin yi da hannuna.

Ya duba ya ce filasha tana nuna babu komai amma kuma wuri a cike, to me ya cika ta? Ya buɗe baƙin allon nan na cmd ya rubuta attrib da wasu 'yan haruffa ya danna enta. Sai ga folda-folda suna fitowa, furojet, hotunan biki, har da wasu waƙoƙi. Ashe bairos ɗin shotkot ne, wanda yake ɓoye fayil na gaskiya ya ajiye na bogi mai irin sunansa. Na bogin antibairos ya kama. Ni kuma kwana uku ina ƙona data da fetur ina neman belin ɓarawo.

Kyauta na buga mata kwafi huɗun har da ɗinki, yayanta yana tsaye. Yaron kuwa tun ranar in na ce ya share shago sai ya tambaya ko a kira kamfani.

Bayan kwana tara imel ya shigo, sun rufe tikitina tunda an warware matsala, in ba su tauraro daga ɗaya zuwa biyar. Na je na danna maɓallin, har yanzu juyi yake. Ina cikin neman inda ake ba da rabin tauraro sai ga kiran abokina mai katin dala, ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Kai, wane ne ya ce su cire mini kuɗin wata shekarar?"