Kuɗin tallafin korona a gundumomin karkarar Amurka: isowar kuɗi daban, rabonsu daban

A cikin shekara guda, daga Maris na 2020 zuwa Maris na 2021, Majalisar Dokokin Amurka ta gwada hanyoyi biyu na isar da kuɗin tallafin korona ga ƙananan hukumomi. Ra'ayina tun daga farko shi ne hanya ta biyu, wato tura kuɗi kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun gwamna ba, ita ce daidai. Sai dai masu yabonta sukan tsaya a ranar da kuɗin suka shiga asusu, alhali ainihin rigimar washegari take farawa, a wani ƙaramin ɗakin taro inda mutum uku ko biyar ke zaune a bayan tebur suna yanke abin da za a yi da su.

Gunduma ita ce matakin mulki da ke ƙarƙashin jiha, kuma akwai gwamnatocin gunduma 3,069 a ƙasar. Girmansu ya sha bamban ƙwarai, domin gundumar Los Angeles tana da mutum kusan miliyan 10, yayin da ƙidayar 2020 ta sami mutum 64 kacal a gundumar Loving ta jihar Texas. A karkara, zaɓaɓɓun kwamishinoni ne ke riƙe da ragama, kuma da yawansu manoma ne ko 'yan kasuwa waɗanda aikin gunduma ba shi ne sana'arsu ta yau da kullum ba. Aikinsu ba na ado ba ne: gyaran hanyoyin tsakuwa da kwalbatoci, ciyar da fursunonin gidan yarin gunduma, biyan albashin ofishin shugaban 'yan sanda, kula da motar ɗaukar marasa lafiya, adana takardun filaye, da gudanar da zaɓe. Fiye da kashi 40 cikin 100 na tsawon hanyoyin ƙasar a hannun gundumomi suke. Babbar hanyar samun kuɗinsu kuwa harajin gidaje da filaye ce, wanda a yankin da matasa ke ƙaura zuwa birni ba ya ƙaruwa yadda buƙatu ke ƙaruwa.

Dokar farko, wadda ake kira CARES, Shugaba Donald Trump ya sa mata hannu ranar 27 ga Maris, 2020, kuma ta ware dala biliyan 150 ga jihohi da ƙananan hukumomi. Sharaɗinta shi ne sai birni ko gundumar da ke da mutum fiye da 500,000 ce za ta karɓi kasonta kai tsaye daga Baitulmalin ƙasa, sauran kuma su jira abin da jiharsu ta ga damar ba su. Abin da ya faru a Texas ya isa misali. Manyan birane da gundumomi sun karɓi kimanin dala 174 a kan kowane mutum kai tsaye, ƙananan kuwa jiha ta yanka musu dala 55 a kan kowane mutum, ta ba su kashi 20 cikin 100 a hannu, ragowar sai sun kashe nasu sun kawo rasit a biya su. Gundumar da ba ta da rarar kuɗi a asusu, da me za ta fara kashewa kafin a biya ta? Ga kuma wa'adin 30 ga Disamba, 2020, wanda ba a tsawaita shi ba sai ana saura kwanaki kaɗan ya cika, bayan kowa ya gama gaggawar sayen abin da ya samu. Wannan tsari ya hukunta ƙaramar gunduma ne saboda ƙanƙantarta, a daidai lokacin da cutar ke komawa karkara, inda daga ƙarshen 2020 yawan mace-mace a kan adadin jama'a ya zarce na birane, inda kuma asibitocin karkara 19 suka rufe a wannan shekarar kaɗai.

Doka ta biyu, ARPA, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 11 ga Maris, 2021, ta sauya lissafin. Daga cikin dala biliyan 350 da aka ware wa jihohi da ƙananan hukumomi, biliyan 65.1 na gundumomi ne, kowace da kasonta gwargwadon yawan mutanenta, kimanin dala 194 a kan kowane mutum, rabi daga watan Mayu na 2021, rabi bayan wata 12. Babu neman alfarma, babu tambayar jam'iyyar da gunduma ta zaɓa. Gunduma mai mutum 10,000 ta tashi da kusan dala miliyan 2, kuma ga wasunsu ba a taɓa ganin dunƙulen kuɗi irin wannan ya shigo lokaci guda ba.

Abin mamaki, da yawansu sun ajiye kuɗin a banki wata da watanni ba su taɓa ba, har wasu suka riƙa zarginsu da sakaci. Ni ban ga sakaci a nan ba, tsoro na gani, kuma tsoro ne mai dalili. Ƙa'idojin wucin gadi da Baitulmali ta fitar a watan Mayu na 2021 sun ba da ƙofofi huɗu: lafiyar jama'a da farfaɗo da tattalin arziki, ƙarin albashi ga ma'aikatan da suka yi aiki cikin haɗari, maye gurbin kuɗin shiga da aka rasa, da ayyukan ruwa, magudanar bahaya da intanet mai sauri. An haramta zuba su a asusun fansho, ko biyan tsohon bashi, ko tara su a asusun ko-ta-kwana. Wanda ke son ya bi ta ƙofa ta uku sai ya yi wani lissafi mai sarƙaƙiya, ya ƙiyasta abin da gunduma za ta samu da annobar ba ta zo ba, bisa haɓakar kashi 4.1 cikin 100 a shekara, sannan ya cire abin da ta samu a zahiri. Babban birni yana da lauyoyi da akantoci da za su yi wannan cikin mako guda. A ƙaramar gunduma kuwa, magatakarda ɗaya da ma'aji ɗaya ne, su ne masu biyan albashi, su ne masu shirya zaɓe, kuma sun san cewa idan masu binciken kuɗi na tarayya suka ce an kashe ba bisa ƙa'ida ba, daga harajin maƙwabtansu za a mayar. Gina hanya, wanda shi ne kukan da kwamishina ya fi ji daga jama'arsa, ba ya cikin ƙofofin sai ta wannan lissafin.

Sai ga ƙa'idar ƙarshe a ranar 6 ga Janairu, 2022, wadda ta fara aiki 1 ga Afrilu. A cikinta Baitulmali ta ce kowace hukuma tana iya ɗaukar har dala miliyan 10 daga kasonta a matsayin kuɗin shiga da ta rasa, ba tare da ta yi lissafin komai ba, ta kashe su a kan ayyukan gwamnati na yau da kullum. Idan aka raba miliyan 10 da dala 194, za a ga cewa duk gundumar da mutanenta ba su wuce 50,000 da 'yan kai ba, kasonta gaba ɗaya ya shiga wannan rangwame, kuma irin waɗannan su ne mafi rinjaye a ƙasar. Da alƙalami guda, kuɗin tallafin annoba suka koma kuɗin gunduma zalla.

A nan ne nake rabuwa da masu sukar wannan rangwame da masu goyon bayansa duka. Masu suka suna cewa an buɗe ƙofar almubazzaranci, suna nuna sababbin motocin sintiri, gyaran ginin kotu, da faɗaɗa gidajen yari, suna tambaya ina alaƙar waɗannan da mai shagon da ya rufe ko ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a bakin aiki. Tambayar tana da nauyi, musamman da yake jihar Alabama da kanta ta ɗebi dala miliyan 400 daga nata kason don gina kurkuku a 2021, ta wannan ƙofa ta kuɗin shiga. Masu goyon baya kuma suna cewa mutanen gari sun fi ma'aikacin Washington sanin inda ke yi musu ciwo, kuma wannan ma gaskiya ce. Ni ina ganin rangwamen ya dace, domin ƙa'idar da ƙaramar gunduma ba za ta iya bi ba sai ta ɗauki hayar kamfanin ba da shawara ya ci wani kaso na kuɗin, ba talaka take karewa ba. Kuskuren shi ne an sassauta lissafin da ake yi wa Washington, ba a ƙarfafa wanda ake yi wa mutanen gari ba. Ƙaramar gunduma rahoto ɗaya take aikawa a shekara, zuwa 30 ga Afrilu, kuma tana iya rubuta jimla guda ta ce an kashe a kan ayyukan gwamnati, a karɓa. Da an ɗaura rangwamen da sharaɗin zaman jin ra'ayin jama'a na musamman, da manna jerin kowace dala a ƙofar ofis da shafin intanet na gunduma, da an sami sauƙin ba tare da an rasa idon jama'a ba.

Wanda ya duba ajandar zaman kwamishinonin ƙaramar gunduma na yau da kullum zai gane abin da nake nufi. Ana buɗewa, a amince da bayanan zaman baya, a karanta takardun biyan kuɗi, a buɗe ambulan 'yan kwangilar tsakuwa, a yi magana a kan gireda da ta lalace, sannan a tsakanin wannan da wancan a zo kan kuɗin ARPA. Shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai ya miƙe ya ce motarsu ta tsufa kuma rediyonsu ba ya kamawa a bayan tudu. Mai kula da hukumar ruwan ƙauye ya ce bututunsu yana yoyo. Matar da ke tafiyar da wurin rabon abinci ta nemi firiji. Shugaban 'yan sanda, wanda shi ma zaɓaɓɓe ne kuma yana da nasa magoya baya, ya nemi motoci. Ɗaya daga cikin kwamishinoni ya kawo shawara, wani ya mara masa baya, a ɗaga hannu, cikin 'yan mintoci an raba abin da ya kai kasafin wata ma'aikata na shekara. Dokokin jihohi sun wajabta a yi zaman a bainar jama'a, wannan abin yabo ne, amma sau da yawa da safiyar ranar aiki ake yinsa, lokacin da lebura da mai aikin gona ba za su iya halarta ba. Wanda ya san ranar zama, ya san kwamishina, ya iya rubuta takardar buƙata, shi ke samu. A da, wakilin jaridar mako-mako ne ke zama a kujerar baya ya rubuta wa sauran jama'a abin da aka yi, yanzu kuwa gundumomi fiye da 200 ba su da jaridar gida ko ɗaya.

Ma'aunin da nake auna kowace gunduma da shi ɗaya ne: shin ta tuna cewa kuɗin sau ɗaya za su zo? Wadda ta ɗauki sababbin ma'aikata ko ta ƙara albashi na dindindin da su, ta yi kamar magajin da ya ƙara aure da kuɗin gado ya bar rufin ɗaki yana zuba, domin gado zai ƙare, cefane kuwa kullum ne. Kyautar lokaci guda ga ma'aikatan da suka yi aiki cikin haɗari, wadda doka ta iyakance a dala 13 a kan kowace awa da dala 25,000 ga mutum ɗaya, ba na jayayya da ita, haƙƙi ne. Amma bututun ruwa, motar asibiti da wayar intanet su ne za su rage bayan an manta sunan dokar.

Duk da haka, kada a ɗauka rabon da aka yi bisa yawan jama'a adalci ne cikakke. Gundumar Lowndes ta Alabama, mai mutum kusan 10,000, mafi yawansu baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi, ƙasarta yumɓu ce da ba ta shan ruwa, saboda haka sokawe na gama-gari ba ya aiki, wanda ke aiki kuma ya fi ƙarfin aljihun talaka, har gidaje da dama suke sakin bahaya ta bututu zuwa bayan gida. Lamarin ya kai Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta buɗe bincike a kansa a watan Nuwamba na 2021. Kason wannan gunduma bai kai dala miliyan 2 ba, daidai da na wata gunduma mai yawan jama'a iri ɗaya wadda ba ta da wannan matsala ko kaɗan. Ƙidayar kawuna ta hana son kai wajen rabo, amma ba ta ganin wanda ya fi shiga uku, kuma shimfiɗa bututu a inda gidaje ke warwatse ya fi tsada a kan kowane gida fiye da cikin birni.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan ya shafe mu shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Nijeriya na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Mun kuma ga yadda aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama a watan Oktoba na 2020, aka tarar da abinci jibge alhali mutane na cikin yunwa. Ina goyon bayan hukuncin, amma gundumomin Amurka, da zaɓaɓɓun shugabanninsu da zamansu na fili da masu bincikensu, ba su tsira daga tambayar wa ya samu, wa aka manta ba. Ƙaramar hukumar da jama'arta ba su san ranar zaman kansiloli ba, ba su taɓa ganin kasafinta a manne ba, tambayar za ta fi yi mata tsanani.

A can Amurka dai, wa'adin ɗaure kuɗin da kwangila ko wata yarjejeniya ya cika ranar 31 ga Disamba, 2024, na kammala kashe su kuma 31 ga Disamba, 2026 ne, abin da ya rage a mayar wa Baitulmali. Gundumomin da suka zaɓi aikin ruwa da intanet, wato aikin da ya fi wuya ya kuma fi amfani, su ne wannan wa'adi ya fi matsa wa lamba, domin 'yan kwangila sun yi ƙaranci kuma farashin kaya ya tashi tun bayan da aka yi ƙiyasin farko, yayin da waɗanda suka sayi motoci suka rufe littafinsu tun 2022.