Dukiya da talauci a finafinan soyayyar jinsi ɗaya na baƙaƙen fata

Duk lokacin da wani fim kan soyayyar jinsi ɗaya ya fito daga Afirka ko daga unguwannin baƙaƙen fata na Amurka, muhawarar takan tsaya wuri guda, wato ko a nuna shi ko a haramta shi. Matsayin addini da al'adar mafi yawan masu karanta wannan shafi sananne ne, haka ma dokar Najeriya ta 2014 da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Sai dai hayaniyar tana rufe wani abu da finafinan ke faɗa a fili: idan asiri ya tonu, arzikin gidan da mutum ya fito shi ne ke yanke irin hukuncin da zai ɗanɗana.

A fim ɗin Rafiki na ƙasar Kenya, wanda Wanuri Kahiu ta shirya a 2018, 'yan mata biyu da ke soyayya, Kena da Ziki, 'ya'yan 'yan siyasa ne masu takarar kujera ɗaya a wata unguwa ta Nairobi. Mahaifin Kena ɗan tireda ne, mahaifin Ziki kuwa mai hali ne. Da mutanen unguwa suka kama su suka lakaɗa musu duka, iyayen Ziki suka tura ta Landan, ita kuwa Kena ta ci gaba da zama cikin mutanen da suka doke ta, tana wucewa ta gabansu safe da yamma, aka kuma kai ta coci don a yi mata addu'ar fitar da aljanu. A idon unguwa laifinsu ɗaya ne, amma ɗaya tana da fasfo da kuɗin jirgi. Tun a 1997 Mohamed Camara ya tsara labarin fim ɗin Dakan a ƙasar Gini, na soyayyar samari biyu, Sori da Manga, bisa irin wannan bambanci, inda mahaifin Sori attajirin ɗan kasuwa ne mai neman magaji, mahaifiyar Manga kuma ba ta da abin da za ta iya yi sai kai ɗanta wajen mai maganin gargajiya.

Wanda ya fi zurfafa a wannan batu, a ganina, shi ne Inxeba na Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2017. Labarin yana faruwa ne a dajin da samarin ƙabilar Xhosa ke zaman kaciya. Xolani lebura ne a masana'anta, kuma duk shekara yana komawa dajin a matsayin mai kula da samarin, yana kuma ganawa a ɓoye da wani magidanci mai suna Vija. Sai aka damƙa masa Kwanda, ɗan mai kuɗi daga Johannesburg, wanda sauran samari ke yi wa ba'a saboda takalmansa masu tsada. Kwanda ya gano sirrin, ya riƙa matsa wa Xolani da ya daina ɓoyo, yana magana da ƙarfin zuciyar wanda ya san cewa idan komai ya lalace yana da birni da gidan uba da zai koma. Xolani ba shi da ko ɗaya, domin mutuncinsa a ƙauye shi ne dukan jarinsa, kuma labarin ya ƙare da ya hallaka yaron. Fim ɗin bai wanke shi ba, amma ya nuna cewa shawarar da ɗan mai kuɗi ke bayarwa cikin sauƙi tana iya cin ran talaka, ko ta sa shi ya ci ran wani.

Moonlight na Barry Jenkins, wanda aka shirya da kimanin dala miliyan 1.5 ya kuma lashe babbar kyautar Oscar a 2017, ya ɗan bambanta, tunda samari biyun da ake ba da labarinsu duk talakawa ne a unguwar Liberty City ta Miami. A nan talaucin ne ke tsaye tsakaninsu, tare da uwa mai shan ƙwaya da makarantar da ba ta iya kare yaro daga duka.

Akwai wani ɓangare da masu yabon finafinan ba su cika son taɓawa ba. Ana kiran su masu zaman kansu saboda ba manyan kamfanoni ne suka zuba kuɗin ba, amma da yawa daga cikin na Afirka sun dogara ne ga tallafin cibiyoyin Turai da kuma bukukuwan finafinai irin na Cannes da Berlin. Masu cewa daga waje ake ɗaukar nauyin wannan harka ba su yi ƙarya ba game da kuɗin, ko da yake hakan bai nuna cewa mutanen da ake ba da labarinsu babu su a Nairobi ko Konakiri ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke kallo. Hukumar tace finafinai ta Kenya ta haramta Rafiki kafin a nuna shi a Cannes, kuma kwana bakwai kacal kotu ta ba da damar a haska shi a gida a watan Satumban 2018. Sinimomi sun cika a waɗannan kwanaki, amma galibi sinimomin manyan kantuna ne da sai mai abin hannu ke shiga. Inxeba ma an dakatar da nuna shi a wasu sinimomin lardin Eastern Cape saboda zanga-zanga, wato a yankin mutanen da aka yi fim ɗin a kansu. Haramcin bai hana mai intanet mai ƙarfi da katin banki kallo ba, kamar yadda dukan unguwa bai hana Ziki hawa jirgi ba, kuma masu shirya finafinan suna karɓar tafi ne a ɗakunan da irin su Xolani ba su da kuɗin tikitin shiga.