Sa hannu a kwantiragi ba shi ne isa ba

Ƙannena masu son besbol, musamman ku 'ya'yanmu da ke tasowa a unguwar Bronx ta New York, kuna wucewa ta gaban filin ƙungiyar Yankees kuna haɗiyar yawu, ku ba ni aron kunnuwanku.

MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiyoyi 30 ne kacal, kowace da 'yan wasa 26 a jerinta. Ku yi lissafi: gurbi 780 ke nan, kuma yaran Dominika da Benezuwela da Kuba da Japan duk shi suke hari. Wanda ke zaune a Amurka ko Kanada, hanyarsa zaɓen da ake yi duk shekara ne, mai zagaye 20, bayan ya gama sakandare ko ya yi nisa a jami'a. Na sauran ƙasashe kuwa, tun yana shekara 16 ƙungiya za ta iya ɗaukarsa. A nan ne dillalai ke shiga, su ɗauki nauyin yaro, su yanki kasonsu in kuɗi sun fito, wasu har su sa a rage shekaru a takarda. Kada ku yarda. Ana bincike, in asiri ya tonu yaron ake dakatarwa, dillalin ya koma neman wani.

To, a ce an ɗauke ka. Wallahi yanzu aka fara. Akwai matakala biyar na ƙananan rukunoni, daga na sababbin shiga har Triple-A, matakin ƙarshe kafin babbar gasa, tafiyar dare a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, albashi ba yawa. Mafi yawan waɗanda suka sa hannu a nan suke ƙarewa. Wasan kansa na masu haƙuri ne: gwanin bugu shi ne wanda ya dace sau 3 a cikin 10, sauran bakwai ɗin ya koma benci ya zauna. Mai saurin fushi ba zai kai ko'ina ba.

Ku masu jifa, ku ji tausayin gwiwar hannunku. Yaro ya yi ta jifa rani da damina don a ga gudun ƙwallonsa, jijiya ta tsinke, sai tiyatar nan da ake kira da sunan tsohon ɗan wasa Tommy John, jinya fiye da shekara. Ranar da haka ta faru, takardar makarantar da ka raina ita za ta riƙe ka. Shi ya sa nake ganin hanyar jami'a ta fi, ko da ta fi tsawo.

Ku dubi Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu. A ɗakin da ke jikin filin wasa ya girma, inda mahaifiyarsa ke aiki. Ƙungiyar Pittsburgh ta ɗauke shi a 2008, bai taka babbar gasa ba sai Afrilun 2017, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya yi hakan. Kusan shekara tara yana jira. Wasannin da ya buga a can, har da na ƙungiyar Toronto a 2018, ba su kai 50 ba.