Hikimar da Marubucin Bai San Ya Rubuta Ba

Da Malam ya raba mana aikin nazarin ƙagaggen labari, wasu suka samu jigo, wasu taurari, wasu zubi da tsari. Ni salo ya faɗo wa. Labarin wani mutum ne da ya daɗe rabonsa da gida, sai rasuwar kakansa ta dawo da shi, ya tarar da akwatin tsofaffin takardu, daga nan ya shiga neman asalinsa da gyaran zuciyarsa.

Kafin in kai shafi na 30 littafin ya shige ni. Na kashe waya, na ɗauki alkawarin zaman tunani kullum kafin gari ya waye. Rana ta farko na zauna na rufe ido, ban buɗe ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ban karaya ba, na ce ai barci ma hanyar sabunta rai ce.

Ina cikin karatu sai ga abin mamaki. Tauraron ya buɗe akwatin, ya yi kuka, ya rufe. Can gaba kaɗan ya sake buɗe shi, ya sake kukan nan, kalma bayan kalma, har karen maƙwabta ya sake yin haushi a daidai inda ya yi ɗazu. Tsigar jikina ta tashi. Daga nan kuma kwatsam sai ga shi da karyayyar ƙafa da mata, ba bayani ba dalili.

Na ce lallai na gamu da gwani! Na zauna na cika shafi huɗu. Maimaicin, in ji ni, yana nuna rayuwa zagaye ce, jika yana taka sawun kaka. Karayar ƙafa kuwa karayar girman kai ce. Matar ma na ce ba mace ba ce, natsuwa ce marubuci ya sa wa zane. Wannan jimlar har yau ina jin daɗinta, ba zan ɓoye ba.

Ranar gabatarwa na tsaya gaban aji ina zuba, har da ɗaga yatsa sama. Ajin ya yi tsit, na ɗauka kwarjinin ilimi ne. Wani ɗan gaban aji ma ya riƙa gyaɗa kai, ya ce shi ma ya lura da wannan salon.

Malam ya sauke tabarau. "Ɗana, miƙo min littafin nan."

Ya buɗe, ya juya, ya sake juyawa. "Daga shafi na 96 ina ka nufa?"

"Gaba, ranka ya daɗe."

"Baya ka koma, zuwa na 81."

Ni wa ya ga ta lambar shafi, ruhina yana can sama? Malam ya yi wa aji bayani cewa littafi a manyan takardu ake buga shi, a ninke su ƙunshi-ƙunshi, sau da yawa shafi 16 kowanne, sannan a jera a ɗinke. A nawa an sa ƙunshi ɗaya sau biyu, shafi na 97 zuwa na 112 kuwa babu su sam. A cikinsu ne mutumin ya faɗo daga tsani yana gyaran rufin ɗakin kakansa, ya kuma auri wadda ta yi jinyarsa. Mace ce sosai, har da ƙanne biyu.

Dariya ta ɓarke, wata har tana dukan tebur. Malam ya juya wajen mai gyaɗa kai. "Kai kuma a wane littafin ka lura?" Ashe ko bangon bai taɓa buɗewa ba.

Da aka dawo mana da takardu, na ga Malam ya ba ni rabin maki. A ƙasa ya rubuta da jan biro cewa sauran rabin na mai ɗinkin littafin ne, tunda tare muka yi aikin.