Gayyar rediyo a kan tudu, da tambayar da ƙanena ya yi mini daga Sakkwato

Baffana yakan zauna ƙofar gida bayan sallar asuba da 'yar rediyonsa mai rigar fata, yana murɗawa a hankali har ya kamo Landan a gajeren zango. Haka muka tashi a Sakkwato. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga Rima ta gida. Wajen sauraro ba na jin akwai wanda ya fi mu. Amma ko sau ɗaya ban ji an ce mutum zai iya karɓar lasisi ya aika da tasa muryar ba, sai da zama ya kawo ni Ingila.

A nan na faɗa cikin 'yan sha'awar rediyo, kuma a ƙarshen makon farko na Oktoba suka tafi da ni gasar da ake yi duk shekara a yanki na ɗaya na IARU, ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta duniya, yankin da ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Awa 24 ce cur, daga ƙarfe 3 na ranar Asabar agogon Najeriya zuwa 3 na Lahadi. Mu shida muka hau wani tudu da tanti da batura da faifan setilayit tsoho mai faɗin santimita 60.

Zangon da Baffa ke kamawa mita 25 ne ko 19. Namu na gigahaz 10, santimita 3 ne kacal, shi ake kira maikurowef. Tafiyarsa kamar hasken tocila take, miƙe, kuma bakin da faifan ke fesawa bai wuce digiri 3 zuwa 4 ba. Ka kauce kaɗan, shiru. Shi ya sa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wani na kan waya yana shirya wa'adi da tashar da ake nema, wani na lissafa kusurwa da kamfas, wani na riƙe da makirfo, wani na rubuta rajista. Ni aka ba juya faifai. Kafin a ƙirga magana sai kowane ɓangare ya karɓi lambar kiran ɗan'uwansa, da ƙarfin siginar, da lambar jeri, da haruffan da ke nuna inda yake a taswira. Kowace kilomita maki ɗaya ce. Harafi guda ya kuskure, wahalar ta tafi a banza.

Wajen ƙarfe 2 na dare hadari ya haɗu can gabas, kan teku. Na ɗauka za mu kwashe kaya, sai dattijon da ke jagorantarmu ya ce in saita faifan kan hadarin. Ashe ɗigon ruwan da ke cikin gajimare yana watsa wannan zango, ya kai shi inda ba zai kai da kansa ba. Yatsuna sun ƙage don sanyi, ina turawa kamar mai zare ƙaya, sai ga wata ƙara shaƙe-shaƙe ta Mos, wato saƙon da ake bugawa da gajeru da dogayen sauti, daga Holan, sama da kilomita 400. Ba wanda ya ce na yi ko ka yi. Aka rubuta, aka miƙo mini shayi.

Gayya ce na gani, irin wadda muke yi a fadamar Rima lokacin yankan shinkafa: mai lauje, mai ɗauri, mai kawo fura, gona ɗaya. Bature bai fi mu sanin wannan ba.

Da na dawo na aika wa ƙanena hotuna. Kafa dish ne sana'arsa a cikin gari, yakan hau rufin kwano da tsakar rana a watan Afrilu ya kamo tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000, da 'yar talabijin a gefensa. Ya kira ni ya ce, "Yaya, wanga ai aikinmu na. Mi ka hana mu yi shi nan?"

Tambayar ta hana ni barci, domin hannun yana nan. Yaran da ke gyaran waya a kasuwa suna liƙa abin da ido da ƙyar yake gani. Ƙasarmu shimfiɗe take, ba duwatsun da za su tare hanya tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi ko Ƙonni. Hadarin Agusta kuwa, wanda nan Turai ake roƙon samun irinsa ranar gasa, mu kyauta yake zo mana. Najeriya na da lambar kiranta, 5N, tana da ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta ƙasa, NARS, Sakkwato ma na da gurbinta a taswirar 'yan rediyo, JK23. Abin da babu shi ne ƙofar shiga. A nan Ingila lasisi mataki uku ne, na farkon yaran sakandare na cin jarabawarsa, kuma kusan kowane gari akwai kulob da dattijon da zai zaunar da kai ya koya maka.

Na san halin da ake ciki. Yau mutum ya hau tudu wajen Isa ko Sabon Birni da faifai da eriya, ko dai ya faɗa hannun 'yan bindiga ko a ɗauke shi mai kai musu rahoto, kuma ba zan ga laifin wanda ya yi zargin ba. Don haka ba daji nake cewa a fara ba. A fara cikin harabar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, da lasisi a hannu, da sanin hukuma. Tun 2018 tauraron Es'hail-2 na Katar ke ɗauke da tashar 'yan sha'awa mai suna QO-100, wadda ta lulluɓe Afirka gaba ɗaya. Ana aika masa a gigahaz 2.4, ya mayar a 10, kuma LNB ɗin talabijin na yau da kullum, wato 'yar na'urar da ake ɗaurawa a gaban faifai, yana kamo shi. Sauraro ma ya isa mafari.

Na sayi 'yar na'urar da ake soka wa kwamfuta don kamo siginar, zan ba mai zuwa gida ya kai wa ƙanena. Faifai da LNB yana da su jibge a shago. Ya ce ya riga ya yi wa abokansa uku magana.