Ana ɗaukar malamai, amma wa ke ƙirga masu tafiya?

Duk lokacin da maganar ƙarancin malamai a makarantun gwamnati ta taso, amsar hukumomi guda ce: za a ɗauki sababbi. A sanar da adadi mai daɗin ji, a yi tantancewa, a raba takardun kama aiki a gaban 'yan jarida. Bayan shekara uku ko huɗu sai a dawo da kukan nan dai. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi inda waɗanda aka ɗauka bara da bara waccan suka shiga ba.

Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rahoton shi ne, fiye da rabin wannan adadi na maye gurbin masu barin aikin ne. Yawan malaman firamare da ke ajiye alli a kowace shekara ya kusan ninkawa, daga kashi 4.6 cikin 100 a 2015 zuwa sama da kashi 9 a 2022. Wato ɗiban ruwa ake yi da kwando. Kwalejoji na yaye malamai, aji kuma na korar su.

Kada a ɗauka ciwon ƙasashe matalauta ne kawai. A Ingila, kusan ɗaya cikin uku na sababbin malamai kan bar makarantun gwamnati kafin su wuce shekara biyar. A Amurka, malaman jihar West Virginia sun rufe makarantu da yajin aiki na kwana tara a 2018 kafin a ƙara musu albashi da kashi 5 cikin 100. A ƙasar ce kuma dokar haraji ta amince malami ya cire har dala 300 a shekarar 2024 daga kuɗin da ake yi masa haraji a kai, saboda kayan aji da ya saya da aljihunsa. Gwamnati da kanta ta san malami ne ke cike giɓin, ta mayar da abin doka.

A ɗauki malama mai ɗalibai 80 a aji ɗaya. Ta ba da aikin gida, ta kwaso littattafai 80 a jaka. In ta ba kowane littafi minti uku kacal, ta ci awa huɗu, bayan ta yini a tsaye muryarta ta dushe. Ba wanda zai biya ta waɗannan awoyi, ba su ma cikin lissafin kowa. To me za ta yi? Ko ta daina ba da aikin, ko ta riƙa zarga jan biro ba tare da ta karanta ba. Yaron da ke can layin baya, wanda har yanzu bai bambance "b" da "d" ba, zai gama shekarar ba ta san shi ba. Idan sakamako ya fito da muni, ita za a nuna wa yatsa.

Sannan ga albashi. Malami ba da attajiri yake gwada kansa ba, da abokin karatunsa ne, wanda suka fita tare da takarda iri ɗaya, ya shiga wani aikin ya yi masa fintinkau. Shi ya sa malaman lissafi da kimiyya ne ke fara zamewa, don su kasuwa ke nema ido rufe. Makarantun karkara kuma su ke fara zama kufai.

Akwai masu cewa albashin malamai ya riga ya cinye mafi yawan kasafin ilimi, kuma wasu malaman ba sa ma zuwa aji. Duka biyun gaskiya ne, ba zan musa ba. Sai dai an gwada hanyar araha an ga ƙarshenta. Senegal ta fara ɗaukar malaman sa-kai a 1995, ƙasashen Sahel da dama suka bi sahu da malaman kwantiragi masu gajeren horo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yara sun cika azuzuwa, amma koyarwa ta koma aikin da ake laɓewa a ciki kafin a samu mafita. Shi kuwa malamin da ke fashin aji, a hukunta shi, amma a fara duba ko albashinsa ya shiga a kan lokaci, domin sau da yawa yana can wurin sana'arsa ta biyu, wadda ita ce ke riƙe da gidansa.

Kuma ba komai ne sai da maƙudan kuɗi ba. Biyan albashi ranar da aka ce, ƙarin girma da ba ya kwana shekaru a kan tebur, masauki ga wanda aka tura nesa, tsohon hannu da zai riƙe sabon malami a shekararsa ta farko: waɗannan tsari suka fi buƙata. Tun 1966, a takardar shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da ita, an rubuta cewa albashin malami ya yi daidai da na sauran ayyuka masu buƙatar ilimi irin nasa, kuma yawan 'yan aji ya zama wanda zai bar shi ya kula da kowane yaro. Ita ake tunawa kowace 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, da jawabai da lambobin yabo, ana maimaita wa malami cewa ladansa yana lahira.

Ni dai buƙatata ƙarama ce. Duk ma'aikatar ilimi da za ta sanar da yawan malaman da ta ɗauka, ta haɗa da yawan waɗanda suka ajiye aiki a shekarar, da darasin da suke koyarwa, da shekarun da suka yi kafin su tafi. In ba ta faɗa ba, 'yan jaridar da ke wurin su tambaya.