Abin da Turawa ke saye da fam, mu a bola muke zubar da shi

Duk sanda aka ɗauko maganar makarantun nazare na gida sai ka ji an ce ai matsalar rashin kayan aiki ce, wai da muna da irin kayan Turawa da yaranmu sun wuce haka. Ni dai ban yarda ba. Ina aikin taimaka wa malama a wata nazare a nan Birmingham ta Ingila, ajin 'yan shekara 3 zuwa 4, ƙanwata kuma irin wannan ajin take koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya, kusan kullum muna tura wa juna hotuna da murya a WhatsApp, to ina ganin nan ina ganin can. Kuma wallahi rabin abin da ke cikin ajinmu na nan tarkace ne.

Tarkace na gaske fa. Akwai wani babban kwando a bakin ƙofa da iyaye ke zuba kwalin ƙwai, kwalin takalmi, marafan robar madara, bututun kwalin nan na cikin tishu, tsofaffin maɓallai, guntayen yadi. Yaro zai zo ya ɗebi kwali biyu da salatif da gam ya zauna yana ta fama, ya liƙa ya ɓalle ya sake liƙawa, can ya ɗago ya ce miki jirgin sama ne. Ke kuma ba aikinki ba ne ki ce masa ai jirgi ba haka yake ba, aikinki ki tambaye shi ina direban zai zauna, mutum nawa zai ɗauka, ina za shi. A gefe ga tiren yashi, ga tiren ruwa da kofuna da mazurari da ludayi. A waje kuma akwai abin da ranar da na fara ganinsa sai da na yi dariya ni kaɗai: wani tebur na katako da tsofaffin tukwane da muciya da bokitin taɓo, yara sun sa rigar ruwa da takalmin roba suna ta dama ƙasa suna cewa miya suke yi. Tuwon ƙasa! Tuwon ƙasan da aka zane mu a kansa muna yara, shi ne nan ake sayar da teburinsa a kundin kayan makaranta, akwai na sama da fam 100, kuma ko ana yayyafi sai an fita an yi.

Ba don sangarta suke yin haka ba. Hannun yaro ɗan shekara 3 bai gama ƙwari ba, yatsun da za su riƙe fensir sai sun yi ta murza abu, suna tsinta, suna yagawa, suna zura zare a rami, suna datsawa da almakashi kafin su iya juya alƙalami yadda ake so. Shi ya sa kullum akwai ƙullun wasa a tebur, mu muke haɗa abinmu: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, mai cokali 2, ruwan zafi da 'yar kalar abinci, a murza ya yi laushi, a rufe a roba ya yi makonni. Yaron da ke juye ruwa daga dogon kofi zuwa faffaɗan kwano yana mamakin yadda ruwan ya "ragu", lissafi yake yi bai sani ba. Wadda ke jera marafai ja, shuɗi, ja, shuɗi ita ma haka.

Yanzu ku dubi ajin ƙanwata. Benci a jere, allo a gaba, an liƙa takardar A na apple B na ball a bango, yaran da yawancinsu ba su taɓa riƙe tuffa a hannu ba. Yarinya 'yar shekara 3 an ba ta littafin 2A wai ta rubuta 1 zuwa 50, anti ta kama hannunta tana ja, ita tana kuka anti tana gumi. A tashi kuma a haɗa ta da aikin gida, wanda kowa ya san yayarta ce ko mamanta za ta yi da daddare bayan ta yi barci. Da safe a sa jan biro a rubuta mata yabo. Wa ake yaudara ne don Allah?

Abin haushin ma a takarda ba mu da bambanci sosai da su. Ingila tana da tsarin koyar da ƙananan yara da suke kira EYFS tun 2008, ya shafi yaro daga haihuwa zuwa shekara 5, fannoni 7 ne amma guda 3 aka sa a gaba: magana da fahimta, motsa jiki, da iya zama da mutane. Hukumar Ofsted ke zagayawa dubawa. Karatu da rubutu gadan-gadan sai yaro ya shiga ajin share fage na firamare yana shekara 4 zuwa 5. Finland ma da ake ta yabon iliminsu sai shekara 7 suke fara firamare. Mu ma kundin manufofin iliminmu na ƙasa cewa ya yi hanyar koyarwa a wannan mataki wasa ce, dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, kwalejojin ilimi suna ba da NCE a wannan fanni musamman. An rubuta, an buga, an ajiye a kabad.

Sannan ga allunan makarantu, ko'ina ka duba Montessori kaza Montessori kaza. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a 1907 a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, 'ya'yan leburori ne ba na masu kuɗi ba, kuma cikin abin da ta sa yaran yi akwai shara, goge tebur, zuba ruwa daga buta zuwa kofi, ɓalle maɓalli da mayarwa, shafa haruffan da aka yanka da takarda mai kaushi da yatsa kafin a zo ga fensir. Kafin ita akwai Friedrich Froebel na Jamus wanda ya kafa lambun yara a 1840, kayansa guntayen katako ne, ƙwallon zare, tsinkaye, yumɓu, naɗe takarda da saƙa. A garin Reggio Emilia na Italiya kuwa tun 1996 suna da wata cibiya mai suna Remida, aikinta kawai ta karɓo ragowar kayan da kamfanoni za su zubar ta ba makarantu. Nan Ingila ma akwai irin waɗannan rumbunan tarkacen, na Bristol ya daɗe sosai. To wanne ne a cikin wannan lissafin babu shi a Zariya ko Katsina ko Maraɗi?

Mu fa mun taso da abinmu. Wa ya koya wa yayyenmu maza ƙera motar kara? Su fere karan dawa, su raba ɓawon da totuwar, su soke su haɗa har da ƙofa mai buɗewa da taya mai juyawa, wasu su yi ta gwangwanin madara da tsohon silifa. Akwai awo a ciki, akwai daidaita tsawo, akwai haƙuri, in ka karkace taya ɗaya motar ba za ta tafi ba kuma ba sai wani ya gaya maka ba. Mu mata ƙwallon mangwaro muke wankewa mu shanya mu yi masa kitso, ko 'yar tsanar kara mu ɗinka mata zane da ƙyallen da muka roƙo wajen tela. 'Yar carafke da duwatsu, in malamar da nake aiki da ita ta ga yadda yarinya ke jefa dutse sama ta kwashe na ƙasa ta cafe, ina tabbatar muku sai ta rubuta shafi guda a kan haɗin ido da hannu. Ga gare, ga langa, ga gaɗa da tafi da ƙirga, ga yumɓun da muke ɗebowa bakin rafi mu gina tukunya da shanu. Allo ma kansa, katako ne da alƙalamin kara da tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, ka rubuta ka wanke ka sake, ba a sayen sabon littafi duk zango. Kala kuwa ga zoɓo, ga kurkum, ga shuni, ga lalle, ga jar ƙasa. 'Ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino su ne abin ƙirga, faifai shi ne tire, ƙwarya ita ce kwanon awo.

Za a ce ai to yaran suna yin wannan a gida, makaranta wajen karatu ce. Da can haka ne. Amma yaron da ake biya wa kuɗin nazare a birni yau ba ya zuwa bakin rafi, ba ya ganin kara, daga mota sai aji sai Islamiyya sai gida a rufe get a miƙa masa waya. Ya rasa na tsakar gida, makarantar kuma ba ta maye masa ba.

Ba wai komai na nan nake so ba, kada a ce na je Turai na shanye. Har yau raina ba ya son wasa da abinci, sai a rina shinkafa kala-kala ko a dafa taliya a zuba a tire yara su yi ta cakuɗawa da hannu da ƙafa, a tashi a kwashe a zuba a shara. Ni da na taso a kan ko ƙwayar tuwo ta faɗi sai ka ɗauke, abin yana min ciwo, na ma taɓa faɗa a taron ma'aikata, aka saurara cikin ladabi irin nasu aka ci gaba da yi. Ga yawan cike-cike, yaro ya ɗora katako uku sai an ɗauki hoto an rubuta an tura wa iyaye ta manhaja, wani lokacin kwamfutar hannun ta fi yaron samun idonki. Ga kayan roba da ƙyalƙyali da ake saye ba dalili. Kuma akwai abin da yaranmu suka fi su nesa ba kusa ba, wato hadda da sauraro. Yaro ɗan shekara 4 a gida ya haddace surori da addu'o'i da waƙoƙi, ya zauna a ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba hoto ba littafi ya riƙe ta tsaf ya maimaita gobe. Wannan ba abin yarwa ba ne ko kaɗan, matsalata kawai shi ne a ce daga safe har azahar bakin yaro ne kaɗai ke aiki, hannunsa na naɗe a ƙirji.

Su kuma malaman ba na ɗora musu laifin duka. Nan doka ce, 'yan shekara 3 zuwa sama babba ɗaya yara 8, in akwai malama mai cikakkiyar shaidar koyarwa ya kai 13, 'yan shekara 2 kuma babba ɗaya yara 5 tun Satumbar 2023. A gida takarda ta ce malami ɗaya yara 25, ajin ƙanwata ya haura haka sosai kuma ita kaɗai ce sai wata nani da ke zagaya azuzuwa. Ki ba yara masu yawa haka fenti ke ɗaya a ɗaki mai zafi ba famfo kusa, ai kin san abin da zai biyo baya. Albashin ma ba na son in faɗa.

Amma babbar katangar mu ne iyaye. Ƙanwata ta taɓa kawo yumɓu aji, yaran suka yi murna kamar me, washegari sai ga iyaye a ofis, wai kuɗin makaranta suke biya ba kuɗin wasan ƙasa ba, an ɓata yunifom, ɗan maƙwabta da ke wata makarantar har ya fara rubuta sunansa. Mai makaranta kuma ɗan kasuwa ne, abin da mai biya ke so shi zai sayar, ya kira ta ya ce Malama a bar wannan. Amma ƙarshen shekara iyayen nan dai su za su biya kuɗin rigar yaye ɗalibai da hula da kek da mai hoto, wa yaron da ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurawa ba. Kuɗin wannan bikin kaɗai ya isa a sayi almakasan yara da gam da kwali da tabarmi na shekara.

In za a yi kuma a yi da hankali. 'Ya'yan tsamiya da wake da maɓalli ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, hanci da kunne da baki suke kaiwa. Gwangwani a daddake bakinsa ko a bar shi, ruwa ko a baho ne kada a juya baya, yashi a tankaɗe a shanya a rana a rufe saboda kyanwa da kaji, sannan sabulu da buta a bakin ƙofa. Nan ko gyaɗa ba ta shiga ajinmu saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta.

Yanzu abin da ƙanwata ke yi, ta lallaɓa mai makarantar ya bar mata rabin awa bayan tara. Ta ce kowane yaro ya zo da tsohuwar rigar babansa ko ta yayansa a ɗora kan yunifom, ta raba su gida huɗu a kan tabarma: wasu marafan lemo suna warewa kala-kala, wasu ƙyallayen da telan layinsu ke tara mata a buhu, wasu yashi a faifai suna zana harafi da yatsa, wasu kwali da kokon rogo a madadin gam. Ranar karɓar sakamako ta jera abin da suka ƙera a bakin taga da sunan kowa, iyaye biyu sun tambayi ko a kasuwa ta sayo. Aikin gidan dai har yanzu tana bayarwa, don ta ce in ta daina a bakin aikinta.